Tsibin Itacen Tanko

Ni Bawa, mutumin Rikoto, ban taɓa ganin gado mai ƙafafun ƙarfe ba sai da na je ƙasar Asante, kuma da ban gan shi ba da ya fi mini. Yaran yanzu idan suna so su tsokane ni sai su ce, Baba, an ce kai ne na farko a duk Zuru da ya kwanta a asibitin Bature. Su a wurinsu abin alfahari ne. Ni kuwa sai in ce su tashi su ba ni wuri. To yau tun da an matsa mini zan faɗa, amma wanda ya zo jin labarin daɗi gara ya kama gabansa tun yanzu.

Mu biyu muka tafi, ni da Tanko, abokin golmona. Wanda bai san golmo ba, noma ne da saurayi ke yi wa iyayen yarinyar da zai aura, damina bakwai, kuma a ƙungiya ake yi, yau gonar surukin wannan, gobe ta wancan. Akwai doka ɗaya da ta fi sauran: ba a barin kuyyar mutum, wato layin da yake nomewa, a baya. In ka gaji, ko ka sare ƙafa, ko ciki ya murɗa, na kusa da kai zai ja kuyyarsa ya ja taka. Ba zai ce komai ba, kai ma ba za ka ce komai ba. Suruki ya zo duba gona ya tarar aiki ya kai ƙarshe daidai, bai san wanda ya kasa ba. A wurinmu saurayi ya bari a gane ya kwanta ya bar aiki, to ya shiga bakin 'yan mata har ya tsufa. Tanko ya yi damina shida, saura masa ɗaya. Muka ce bari mu je cin rani mu dawo kafin ruwan shuka. Abin da na ce wa mahaifinsa ke nan, mu biyu za mu fita, mu biyu za mu dawo.

Wani madugu mutumin Jega ya ɗauke mu dako a Dirin Daji. Kanwa muka ɗauka. Alkawarinsa shi ne mu kai kanwa Kumasi, mu juyo da goro a ka, ya ɗinka wa kowannenmu riga, ya kuma sauke mu inda ya ɗauke mu. Ya rantse da abin da ya rantse. Mu a lokacin ba mu shiga sallah ba, ba mu san nauyin rantsuwar ba, amma mun ɗauka shi ya sani.

A Yawuri na fara shiga kwalekwale. Tanko ya runtse ido tun daga wannan gaɓa har waccan, da muka sauka kuma ya ce shi barci ya yi. Haka yake, bai taɓa yarda wani abu ya ba shi tsoro ba. 'Yan ayari suka mai da mu abin dariya saboda fiƙaƙƙun haƙoranmu. Duk zangon da aka sauka sai wani ya ce, Badakkare, buɗe baki mu gani. Ƙwaryar shan ruwanmu daban. Amma da muka shiga dajin Bargu, inda ake tsoron 'yan fashi, sai ga shi mun zama mutanen kirki, aka ce Dakarkari jarumai ne, su wuce gaba. Muka wuce gaba. Da aka fita dajin ƙwaryarmu ta koma gefe.

Ba zan tsaya ƙirga muku zanguna ba. Jugu, Sansanin Mango, Yandi, Salaga, duk na taka su da kanwa a ka, gumi na narkar da ita tana gangarowa tana cin fatar wuya. A hanyar nan na koyi Hausar da nake muku magana da ita, kuma zagi na fara iyawa, don shi aka fi yi mini.

A Kumasi madugu ya sayar da kanwarsa ya sayi goro. Muka zauna gidan mai masauki muna jiran ranar ɗaure kaya. Kwana uku, kwana huɗu, shiru. Ran na biyar mai masauki ya ce mu kwashe tabarminmu, wasu baƙi na zuwa. Muka ce madugu fa? Ya dube mu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe mutumin ya loda goronsa a jirgin ƙasa zuwa bakin teku, daga can jirgin ruwa zai kai shi Ikko. Tun daga Jega ya san ba da kai zai komo da goro ba. Wuyanmu kawai yake bukata zuwa, ba dawowa ba. Allah ya isa, har yau ban yafe ba, kuma na yi sallah shekaru masu yawa tun daga nan.

Ba riga, ba guzuri, ba ayarin da ke komawa wajenmu, ga damina ta kawo kai. Muna cikin gararamba a zango sai wani heluma, wato shugaban leburori, ya ji muna yarenmu. Bakabe ne, ya san mutanenmu da aiki. Ya ce akwai aikin itace a wani garin haƙar zinariya, tafiyar kwana biyu kudu. Muka bi shi, don ba mu da wani zaɓi.

Garin nan cikin kurmi yake, kurmin da sai ka ɗaga kai sosai kafin ka ga sama. Mu da muka saba hawa dutse mu hango har Danko, sai ga mu a ƙarƙashin ganye kullum, jiƙe sharkaf. Tuwon dawa babu. Rogo da ayaba ake kirɓawa a ba ka, ka ci ka ƙoshi, kafin ka kai bakin daji yunwa ta dawo. Ran da aka yi ruwan da muka san a gida na shuka ne, Tanko ya tsaya da gatari a hannu ya daɗe bai yi sara ba. Ya ce yanzu ƙungiyarmu na gonar surukinsa, wani na ja masa kuyya. Na ce ai haka doka take. Ya ce ya sani, shi ya sa abin ke cinsa.

Ga yadda aikin yake. Kamfanin na da inji mai zuƙe ruwa daga ramin zinariya, injin kuwa itace yake ci, ba ya hutawa. Kowane lebura na da turkensa a filin da ke gaban injin. Ka je daji ka saro, ka ɗauko a ka, ka jibge a gindin turkenka har tsibin ya kai wani tsagi da aka yi a jikin turken. Da la'asar heluma ya bi layi yana dubawa. Wanda tsibinsa ya kai, ya wuce. Wanda kuwa heluma ya ga turkensa wayam, sai ya tafi bukkar mutumin ya fito da shi, a bi da shi ta tsakiyar bariki zuwa wurin akawu, kowa na kallo. Mu da muke gani mun ɗauka tonon asiri ne, irin wanda ake yi wa rago. Ba mu taɓa tambaya ba, ba wanda kuma ya taɓa zaunar da mu ya faɗa mana cewa takardar asibiti ake zuwa karɓa, kuma ba wata hanyar samunta sai wannan.

Asibitin na kan tudu, sama da bukkokinmu. Dogon ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano da baranda. Daga baya na sami lokacin ƙirga gadajensa, goma sha biyu ne, mu kuwa leburori in muka fito da safe sai ka ce kasuwa ta watse. Can gefe akwai wani ƙaramin gini mai raga a tagogi, na Turawa, ko inuwarsa ba ma takawa. Tsofaffin ma'aikata sun ce duk ƙarshen damina mura kan zagayo, ɗakin ya cika, a shimfiɗa wa mutum biyu ko uku tabarma a baranda, bayan mako guda kowa ya koma aiki. Wato ko a shekarar lafiya ɗakin bai isa ba. Kowa ya sani, kowace shekara a yi magana, kowace shekara a manta da zarar tari ya lafa.

Akwai wata tsohuwa Bazazzagiya a barikin, Gwaggo Asabe, mai koko da ƙosai. Ita ke kai wa marasa lafiya koko kan tudu kowace safiya. Ban san abin da ta gani a jikinmu ba. Tun ranar farko ta ce mu riƙa shan koko a ƙwaryar da kowa ke sha, wanda bai so ya bari. In ƙosai ya ragu ta ƙulle mana a ganye. Takan ce da Tanko mai haƙoran zarto, shi kuma ya wage mata baki don ta yi salati. A duk tafiyar nan ita ce mutum.

A ƙarshen daminar ciwon ya zo, wanda daga baya na ji ana kira marisuwa. Aka ce daga jiragen ruwa ya sauko ya biyo hanyar jirgin ƙasa. Da farko kowa ya ce murar shekara ce. Sai mutum ya fita sara da safe lafiya lau, azahar a tarar da shi zaune a gindin itace yana rawar sanyi.

Wata safiya na tashi na ga Tanko bai motsa ba. Na taɓa shi, jiki kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Ya yunƙura ya miƙe, ya kai hannu ga gatari, ƙafafu suka ƙi, ya zube. Ya dube ni, na dube shi. Na gyara masa tabarma, na ajiye masa ruwa, na ja asabari na rufe ƙofa, na ɗauki igiyata da tasa. Ran nan sawu biyu na yi a madadin kowane ɗaya. Kafin la'asar tsibina ya kai tsagi, na Tanko ya kai tsagi. Heluma ya zo ya wuce bai ko rage tafiya ba. Wallahi daɗi na ji. Na koma bukka ina jin na yi abin da ɗan halak ke yi.

Kashegari Gwaggo Asabe ta tambaye ni ina mai haƙoran zarto. Na ce yana daji. Ta ce ƙarya nake, ta ji tarinsa ta bayan bukka. Ta ce daga kan tudu take, gado uku babu kowa a kai, amma yadda ake kawo mutane ba za su kai jibi ba. Ta ce in bar turkensa wayam yau, heluma ya gani ya kai shi a ba shi takarda. Na ce mu a wajenmu ba a yi wa aboki haka. Na yi mata bayanin golmo da 'yar Hausata, ina ma jin kaina, kamar mai koya wa jahila hankali.

Ta ajiye ludayi ta ce, "Ɗan nan, nan fa ba gonar surukinku ba ce."

Na ji haushin maganar. Duk da haka da na koma na faɗa wa Tanko, da yarenmu, na ce tsohuwa ta ce kaza. Ya ce in ana jan sa ta tsakiyar bariki leburori Mosawa da Gurunsawa na kallo, wani ya kai labari gida fa? Wa zai kai labari daga wannan kurmi har Rikoto? Ba kowa. Amma ni ma a lokacin ban ga wautar tambayar ba. Ya ce kwana biyu ne zai tashi. Ban da haka mun ji ana cewa a ɗakin nan Bature na yanka mutum da ransa. Na ɗauki igiya biyu na fita.

Kwana huɗu na yi ina cika turke biyu. Filin ya fara zama gibi-gibi, turke nan wayam, can wayam, heluma na ta kai mutane wurin akawu, amma na Tanko kullum a cike. Na tabbata a duk layin ba tsibin da ya kai nasa kyau, don nasa nake fara cikawa.

Ran na biyar da na dawo da rana in ba shi ruwa, na tarar jini ya bushe a hancinsa, leɓɓansa sun yi baƙi, numfashi na fita da ƙara. Na kira sunansa, ya amsa da sunan ƙanensa. Nan tsoro ya kama ni, tsoron da ya kamata ya kama ni tun ranar farko. Na goya shi na hau tudu.

Abin da na gani a can ba na son tunawa. Ɗaki cike, tsakanin gadaje cike, baranda ba wurin sa ƙafa, har gindin mangwaron da ke tsakar fili mutane ne kwance a jere, ga yayyafi na sauka a kansu. Likita Bature ɗaya ne, aka ce shi ma yana kwance. Saura malamin asibiti, wani mutumin bakin teku, da ƙyalle ɗaure a hanci, idanunsa jawur, yana tafe yana dafa bango. Ba zan zage shi ba, mutumin nan shi kaɗai yake yi. Ya dubi Tanko a bayana ya miƙo hannu ya ce takarda. Na ce babu. Ya nuna mini mutanen gindin mangwaro, ya nuna 'yan takardun da ke hannunsu. Wato masu takarda ma ga inda suke, in gado ya faɗi su za a fara ɗauka. Ya ɗura wa Tanko wani ruwa mai ɗaci a baki, ya yi mini alama in koma.

Na mai da shi bukka na ruga wurin heluma. Na same shi zaune bakin turaku yana goge gumi. Na ce Tanko na mutuwa, a ba shi takarda.

Ya ce, "Wane Tanko? Tankon da tsibinai yac cika jiya, yac cika shekaranjiya? Mutum na mutuwa shina saran icce?"

Na durƙusa na faɗa masa gaskiya. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce akawu ba ya ba da takarda sai ya leƙo da idonsa ya ga turke wayam, don tun da ciwon ya zo kowa na cewa ba shi da lafiya. Yau kuwa na riga na zuba rabin tsibi, akawu ya gani da safe. Ya ce gobe kada in sa ko tsinke, da la'asar zai zo ya kai maganar.

Kashegari na cika nawa na bar na Tanko. Ku yi dariya in kuna so, amma duk sawun da na wuce ta gaban turken nan sai na kau da kai. Ji nake kamar na tuɓe shi a kasuwa. La'asar ta yi na tsaya a wurin ina jira. Rana ta sunkuya, heluma bai zo ba. Na je bukkarsa na tarar da shi kwance yana kiran uwarsa da Kabanci. Akawu kuma an ce tun azahar ya rufe taga ya tafi gida. Turken ya wuni wayam, a karo na farko, ba wanda ya gani sai ni.

Da gari ya waye kaina na sarawa, jikina ya yi zafi. Na yi niyyar in zauna wurin Tanko. Sai ga Baturen inji da kansa cikin bariki, abin da bai taɓa yi ba, da 'yan doka biyu, suna ɗaga asabari bukka-bukka. Itace ya ƙare, in inji ya tsaya ruwa zai cinye ramin. Duk mai iya tsayuwa aka tasa shi gaba. Na nuna musu Tanko, suka leƙa suka saki asabarin. Na roƙi Gwaggo Asabe ta riƙa duba shi, ta ce in tafi.

Sawu biyu na yi. A na uku, ina isowa filin da kaya a ka, ƙasa ta juya. Na faɗi a gaban Baturen, dab da takalminsa, itacen ya watse. Abin da na gani kafin ido ya rufe shi ne ya ciro takarda daga aljihu ya ɗora a gwiwa yana rubutu. Ba turke, ba heluma, ba akawu. A idonsa na faɗi, shi ke nan.

Na farfaɗo ana shigar da ni ɗakin. Takardar hannun Bature ta tsallake duk na gindin mangwaro. Ana fitar da wani a bargo ta wannan ƙofa, ana shigo da ni ta waccan, da aka kwantar da ni gadon da sauran ɗumin mai shi. Na kama hannun malamin asibiti na ce ba ni ba, Tanko, a ɗauko Tanko a sa shi nan, ni zan kwanta a ƙasa. Na faɗa da Hausa, na faɗa da yarenmu. 'Yar Hausarsa kaɗan ce. Ya ɓamɓare yatsuna ya ce, "Takarda ɗaya, mutum ɗaya." Na yunƙura zan sauka in je in ɗauko shi da kaina, na faɗo, aka mayar da ni. Na sake. A karo na uku suka ɗaure ni a gadon da zane, sun ɗauka zafin ciwo ne ya taɓa mini kai.

Kada ku ɗauka wani magani ne a wurin. Ruwan nan mai ɗaci ne, da koko, da bargo, da rufin da ba ya yoyo, da mutum mai juya ka in ka shaƙe. Shi ke nan abin da ake kira asibiti. A gadajen ma an mutu, na dama da ni sau biyu aka canza shi. Mutane sun sha ce mini ko da Tanko ya sami gado wataƙila da bai tashi ba, kwana ne ya ƙare. Na ji. Amma ni na samu, ga ni zaune ina ba ku labari, kuma na fi kowa sanin wanda ya fi ƙarfi tsakanina da shi. A kokawa bai taɓa barin bayansa ya taɓa ƙasa ba, ni kuwa ya kayar da ni ya fi a ƙirga.

Ban san kwana nawa na yi ba. Ran da hankalina ya dawo na ga Gwaggo Asabe tsaye da ƙwaryar koko. Ta rame, ita ma ta sha nata. Ban tambaya ba. Ta zauna a bakin gadon ta ce Tanko kwana uku ya yi bayana ya cika. Ta riƙa ɗiga masa ruwa da tsumma, ta toshe inda rufin ke zuba. Ta je wurin akawu sau biyu taga a rufe. Ta ce a rana ta ƙarshe ya yi ta maimaita wata magana da yarenmu, yana riƙe da bakin zanenta, yana so ta amsa. Ta ce, "Ban ji ba, ɗan nan. Na dai ce masa to." Na ce ta gwada faɗa mini yadda sautin yake. Ta gwada, ba ta kama komai ba. A duk garin nan mutum ɗaya ne zai ji abin da Tanko ke faɗa, shi kuwa yana ɗaure a gado.

Da na iya takawa Gwaggo Asabe ta kai ni bayan tudu. Dogon rami ne aka haƙa, ana kawo mutane a amalanke ana jerawa, a watsa farar ƙasa a rufe. Na ce ta ina yake? Ta nuna tsakiya, ta kuma ce ko can gaba kaɗan. A wajenmu ana kafa wa mamaci tukunya a kan kabari, 'yan uwa su san inda za su tsaya. Na tsaya a inda ta fara nunawa, ban ma san ko a kan Bamoshe nake ba.

Da rani na sami ayarin masu jakai da ke komawa ta Salaga, na bi su ina yi musu kiwo a bakin abinci. Duk garin da muka ratsa sababbin kaburbura ne a bakin hanya. Ciwon ya riga ni zuwa gida, Zuru ma ta sha, a can ko ɗaki mai gado goma sha biyun babu. Amma mahaifin Tanko na nan da ransa.

Da hantsi na isa Rikoto. Ban shiga gidanmu ba, na wuce nasu. Tsohon na zaune a gindin rumbu yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ɗaga kai ya gan ni, ya dubi bayana, ya ci gaba da dubawa, sannan ya ajiye ƙotar. Kafin in gama durƙusawa gida ya cika, dattawa da 'yan ƙungiyarmu na golmo, waɗanda suka ja wa Tanko kuyyarsa daminar da ba ma nan. Na faɗi ciwon, na faɗi ramin. Mata suka fara kuka daga ciki. Duk tsawon hanya na shirya yadda zan faɗi sauran, gado uku da maganar tsohuwa, na kuma shirya karɓar duk abin da za a yi mini.

Tsohon ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Bawa, abu ɗaya zan tambaye ka. Da ya kwanta, baƙi sun ga aikinsa a baya?"

Na ce, "Baba, kwana huɗu ina cika masa. Ba wanda ya gane ya kwanta."

Na buɗe baki in ci gaba, sai na ga ya gyaɗa kai, fuskarsa ta saki. Ya juya ga dattawa ya ce sun ji ko, ɗansa bai ji kunya a ƙasar mutane ba. Ya ce da samarin su dube ni da kyau, haka ake riƙon aboki. Ya sa aka kawo ruwa a ƙwaryarsa ta kansa, ya miƙo mini da hannu biyu, ya yi mini godiya a gaban kowa.

Na karɓa na sha. Ya ƙara shekara tara a duniya, kullum in na wuce sai ya kira ni ya sa mini albarka, ni kuma in durƙusa in ce amin.